Kourfey, Kourfeye, Kurhwai: sharhi a kan rubutu da fassarar sunayen garuruwan ƙasar Filinge

1. Matsalar

Mai neman sunan wani ƙauye na ƙasar Kurfai a rubuce, ƙofa biyu gare shi. Ko dai ya buɗe taswirorin ma'aunin 1/200 000 da hukumar taswira ta Faransa, wato IGN, ta zana a shekarun 1950 da 1960, ko kuma ya duba RENALOC, kundin sunayen garuruwa da ƙauyuka wanda Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2014, bayan ƙidayar jama'a ta 2012. Dukansu biyu da ƙa'idar rubutun Faransanci aka yi su. Na farko aikin masu awon ƙasa ne, na biyu aikin masu ƙirga mutane, kuma ba a yi ko ɗaya daga ciki don manazartan harshe ba. Amma da yake su ne a hannu, su suka zama madogarar ɗalibi mai rubuta kundi a kan tarihin garinsu, da malamin da ke duba masa.

Daga nan hali biyu suka samo asali, kuma su ne wannan takarda take son ta yi wa sharhi. Hali na farko shi ne a kwafo suna yadda yake a taswira, a karanta shi da kunnen Bahaushe, a yanka shi gida biyu, a ce ga ma'anarsa. Hali na biyu shi ne a ce rubutun Nasara duk ɓarna ne, a share shi, a sake rubuta sunayen da daidaitacciyar Hausa. Wannan ra'ayi na biyu ya ƙara samun gindin zama tun da aka sake wa wasu titunan Yamai suna a watan Oktoba na 2024, sannan kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Abin da za mu nuna shi ne, rubutun Faransanci mummunar ƙa'ida ce ga Hausa, amma shaida ce mai amfani ga wanda ya iya karanta ta, kuma halayen nan biyu duk suna zubar da wannan shaida, kowane ta hanyarsa.

2. Abin da aka koya a Ingila

A Ingila ne nazarin sunayen wurare ya fi samun tsari mai tsauri, don haka yana da kyau mu leƙa can kafin mu dawo gida. Ƙungiyar nazarin sunayen wuraren Ingila, wadda aka kafa a 1923, ta ɗauki ƙasar gunduma-gunduma, kuma ƙamus ɗin Eilert Ekwall na 1936 ya tattara sakamakon farko. Ƙa'idarsu ɗaya ce: ba a faɗin asalin suna sai an jera tsoffin rubuce-rubucensa, kowane da shekararsa, tun daga mafi daɗewa. Garin da ake rubutawa Brighton yau, a kundin ƙidayar dukiya na Domesday na shekarar 1086 Bristelmestune ne, wato gonar wani mutum mai suna Beorhthelm. Babu mai iya gano haka daga rubutun yau. Ƙauyuka da dama suna amsa sunan Aston, amma tsoffin takardu sun nuna wasu ma'anarsu gonar gabas, wasu kuwa sunan wani itace ne a farkonsu. Rubutu ɗaya ke nan, tushe biyu.

Abin da ya fi shafarmu shi ne wanda ya yi rubutun. Kundin Domesday aikin masu mulkin da suka ci ƙasar da yaƙi ne a 1066, Normandawa masu jin Faransanci, kuma da Latin aka rubuta shi. Harshen baƙin ya bar tabo a kan sunaye: Nottingham da can Snotingeham ne, bakin Normandawa ne ya zubar da s ɗin farko. Duk da haka masanan Ingila ba su jefar da kundin ba. Sun zauna sun koyi irin kuskuren da magatakardan baƙi yake yi, wane sauti yake kasa ji, wane baƙi yake sakawa a madadinsa, har kuskuren kansa ya zama ma'auni. Wannan dabara ce ya kamata mu ara.

Abin da ba za mu iya ara ba shi ne zurfin zamani. Su suna da takardun shekara fiye da 900. Heinrich Barth ya ƙetare Dallol Boso a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sayi, amma can kudu ya bi, bai hau zuwa Kurfai ba. Rubutun boko na sunayen ƙauyukan wannan ƙasa ya yawaita ne daga farkon shekarun 1900, lokacin da Faransawa suka kafa bariki a Filinge. Dalilin barikin ma sananne ne: yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta tilasta wa ayarin Faransawa masu zuwa Damagaram su zagaya ta arewa, ta Filinge da Tawa. A madadin zurfin takardu, muna da abin da Ekwall bai samu ba, wato masu furta sunan da bakinsu, waɗanda kakanninsu na kusa ne suka kafa wasu garuruwan.

3. Karanta rubutun Nasara

Wani ɓangare na aikin mai sauƙi ne, ɗan aji ɗaya ma ya san shi: ou yana tsaya wa u ko w, gu kafin e ko i g ne kawai, tch shi ne c, dj shi ne j, ch kuwa sh. Bisa ga haka Louma Luma ne, Toukounous Tukunus, Itchiguine Icigin. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin haruffan da aka rubuta ba don a furta su ba. A Kourfeye, e ɗin ƙarshe aikinsa kawai ya tilasta wa Bafaranshe ya furta y. Suna ne mai gaɓa biyu wanda ya ƙare da tagwan wasali ai, wanda a bakin Hausawa da yawa yake fita kamar ei. Bahaushen da ya koyi boko da Hausa, in ya ga Kourfeye, gaɓa uku zai karanta, ya haifi sunan da ba a taɓa yi ba. Haka kuma Chikal, wanda ake rubutawa Chical a takardun mulki: ɗan Yamai zai karanta Shikal, amma ɗan Kano ko Zariya da ya saba da tsohon rubutun Ingilishi zai karanta Cikal. Wannan ba ƙaramin ƙauye ba ne a tarihi, domin a nan ne bautar Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, ta ɓullo wajen 1925, a zamanin sarautar Gado Namalaya, abin da Jean Rouch da Finn Fuglestad suka yi rubutu a kai. Mai bin sawun garin a littattafai dole ya san fuskokin sunan duka, in ba haka ba rabin abin da aka rubuta zai wuce shi.

Sai abubuwan da rubutun ya haɗiye gaba ɗaya. Ba ya bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ: Maradi da Konni sun ishe mu misali. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ninka baƙi kuwa, wanda a Hausa yake canza ma'ana, a hannun magatakardan Bafaranshe ado ne: gari ɗaya ana rubuta shi Baléyara, ana rubuta shi Balleyara. Mu ɗauki Bakin Toullou, kusa da Filinge. Rabin farko a fili yake. Rabi na biyu fa? In l ɗaya ce, tulu na ruwa ne zai zo a rai. In biyu ce, sai a tuna da tulluwa, wato ƙololuwar tudu. Taswira ba za ta raba wannan gardama ba, ko sau nawa aka dube ta. Mutumin garin ne zai raba ta cikin daƙiƙa ɗaya, in an tambaye shi, an kuma saurara da kyau. Irin wannan ne da Gao, wanda a rubutun Faransancin Nijar yawanci gawo ne, itacen gona. Mai gaggawa yana iya jingina ƙauyen da birnin Gawo na Mali, ya gina ƙaurar da ba a yi ba.

To amma akwai inda rubutun Nasara ya fi namu gaskiya, kuma a nan ne masu son a share shi ya kamata su dakata. Dogondoutchi misali ne mai kyau. A karin harshen yamma, ts kafin i ko e yana ganɗancewa, ya fita kamar c mai ƙarfi, wadda wasu manazarta ke rubutawa c'. Wanda ya rubuta doutchi abin da kunnensa ya ji ya rubuta, ya ji shi daidai, har da wasalin i na ƙarshe. Ranar da aka "gyara" sunan ya koma Dogon Dutse, an sa wa Arewa bakin Kano, an kuma goge shaidar da ke nuna cewa wannan furuci yana nan tun fiye da shekara ɗari. Bafaranshen bai san daidaitacciyar Hausa ba, saboda haka ba ta ruɗe shi ba. Rashin saninsa ne ya sa shaidarsa ta yi daraja.

4. Daga bakin wa aka ji sunan?

Wannan tambaya ba safai ake yin ta ba, alhali ita ce gaba da kome. Kwamandan ba ya jin Hausa, ko yana ji kaɗan-kaɗan. Tsakaninsa da mai gari akwai tafinta, akwai ɗan jagora, akwai soja, kuma da yake daga bakin kogi Faransawa suka shigo, ta Sayi da Doso, babu mamaki in masu rakiyarsu Zabarmawa ne ko Fulani ko Bambarawa. Akwai ƴan kaɗan irin su Landeroin, tafintan soja na ayarin Tilho mai shata iyaka (1906 zuwa 1909), wanda ya san Hausa har suka wallafa nahawu da ƙamus tare da Tilho. Amma ba irinsa ne ke cika takardar haraji a kowane rangadi ba.

Mu dubi f ɗin da ke cikin Kourfey. Sanannen abu ne cewa a Hausar yamma, inda Kano ke da f, ana samun hw kafin a, da h kafin sauran wasula: hwari, hwata, tahi, hili. Jean-Guy Malka ya kwatanta furucin Hausar Filinge da na daidaitacciya, Bernard Caron kuma ya bayyana Hausar Adar a littafinsa na 1991. Shi ya sa masu nazarin karin harshe suke rubuta Kurhwayanci. To daga ina f ta fito a takardar Nasara? Amsa biyu ce mai yiwuwa. Ko dai kunnen Bafaranshe ya ji hw ya kai ta ga baƙin da ya fi kusa a harshensa, ko kuma sunan ya iso masa ta bakin wanda harshensa yake da f, kamar Bazabarme ko Bafulatani. Kowace aka ɗauka, tana da abin da take faɗa game da yadda aka ci ƙasar da kuma waɗanda suka yi wa baƙi jagora. Ba kuma abin mamaki ba ne a ce suna ya zo ta bakin maƙwabta: mutanen Kurfai kansu suna da suna na biyu, Suje, wanda ake rubutawa Soudié ko Soudjé, kuma a bakin Zabarmawa aka fi jin sa. Kwarin da Filinge take ciki ma haka ne. A arewa Azawak ne, a kudu Zabarmawa suna cewa Boboy, amma kalmar Fulatanci, dallol, ita ce ta hau taswira.

5. Fassarar kunne

Sunan Filinge kansa ya isa gwaji. Bahaushe yana jin sa sai ya yanka: fili, da mahaɗin -n, da wani abu ge. Yankan yana da daɗi, ƙasar ma shimfiɗaɗɗiya ce a cikin kwari, sai zuciya ta kwanta. Amma kafin a rubuta wannan a kundi akwai bashin tambaya uku. Mene ne ge, kalma ce ko sunan mutum, kuma a wane harshe? Tsawon wasulan sunan da karin sautinsa sun dace da na fili, mai dogayen wasula biyu? Sannan in mutanen wurin hili suke cewa, yaya suke furta farkon sunan garinsu idan suna magana a tsakaninsu, ba da baƙo ba? Wanda bai biya wannan bashi ba, abin da ya kawo shi ne abin da ake kira étymologie populaire da Faransanci, mu kuwa mu ce fassarar kunne. Haka nan mai son ya haɗa Kurfai da Kurfi ta ƙasar Katsina don sun yi kama a ido, alhali labaran baka sun fi karkata ga Adar a matsayin inda Kurfayawa suka fito. Kamar da wane ba ta wane.

Abin da ke ƙara tsananta matsalar shi ne Kurfai mahaɗar harsuna ce. Kudu da ita akwai Imanan, mai hedikwata a Bonkuku, da Tagazar ta Balayara, inda sarautar Buzaye ta kafu. Akwai Tondikandiya ta Zabarmawa, wadda farkon sunanta, tondi, dutse ne a Zabarmanci. Ga Fulani makiyaya ko'ina. A Ingila, ɗafa-ƙeyar -by ta Grimsby da Whitby ita ce ta nuna iyakar inda mutanen Danmak suka zauna. Mu ma muna da irin waɗannan alamu: gari da gida da tunga da zango na Hausa, kwaara da bangu da day da beeri da kayna na Zabarmanci, kamar a Tillabéri da Tillakaïna, In- da Tin- ko Shin- na Tamajak, kamar a Tchin-Tabaraden. In aka zuba su a taswira za su nuna wa ya riga wa zama, wa ya haƙa rijiya, wa ya tarar da ita. Amma alama ba hukunci ba ce. Jerin sunaye masu farawa da t a kewayen Filinge, irin su Toukounous da Tounfalis da Talcho, yana jan hankali zuwa Tamajak, inda t take nuna jinsin mace. Sai dai Hausa ma tana da ta ta mallaka, kuma akwai kalmomin kowane harshe da t ɗinsu ta asali ce. Ɗaya bayan ɗaya za a bi su, tare da mai jin Tamajak a zaune. Tagazar ta fi sauƙi, domin g ɗinta tana tsaya wa sautin maƙogwaro da ake rubutawa gh, kuma kalmar eghazar, kwari ko tafki, sananniya ce.

Tarko mafi kyau a wannan jaha shi ne kalmar Haoussa kanta. A bakin kogi, Sorbon Haoussa da Sansané Haoussa ba garuruwan Hausawa suke nufi ba. A Zabarmanci da Sonwai, hausa ita ce gaɓar hagu ta kogin, gurma ta dama. Wanda ya ƙirga irin waɗannan sunaye a matsayin shaidar yaɗuwar Hausawa ya yi aikin banza, kuma aiki mai haɗari, domin a ƙasar da ake jayayya kan gona da rijiya da sarauta, maganar "mu muka sa wa wurin suna" ba ta tsayawa a zauren jami'a.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da labarin da dattijo zai bayar na dalilin sunan garinsu. Labarin da ke cewa maharbi ya faɗi kalma kaza a gindin itace sai ta zama sunan gari, a rubuta shi duka, da sunan zuriyar da ke riƙe da shi. Shaida ce a kan yadda mutane suke ganin kansu da abin da suke da'awa. Gurbinsa dabam, gurbin tushen kalma dabam. Kuskuren shi ne a zuba su a ƙwarya ɗaya.

6. Daidaitacciyar Hausa da sunan wuri

Ƙa'idar rubutun da muke amfani da ita, tun daga taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, har zuwa dokar ma'aikatar ilimi ta 1999, an yi ta ne don karatu da koyarwa, kuma ta yi wannan aiki. A allon bakin hanya da littafin makaranta ita ta dace. Amma ba ta isa kundin bincike ba, saboda ita ma ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti. Kouka na Nasara in ya koma Kuka, har yanzu ido bai san ko itace ba ne ko hawaye. A wannan fuska ajami ya fi boko, tun da yana nuna dogon wasali, ko da yake ba ya raba o da u. Saboda haka wasiƙun sarakuna da na malamai, irin waɗanda sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH yake adanawa, sun cancanci a bincike su don sunayen wurare kaɗai. Kuma ƙa'idar rubutu ba ta ba kowa izinin canza karin harshe ba. In mutanen gari hw suke furtawa, hw za a rubuta a sunansu; haruffan suna nan cikin abacada.

Mulki ma yana taɓa sunaye ta hanyar da ba ta shafi haruffa ba. Da aka kafa kwaminoni a 2002, an raba tsohon kanton na Kurfai tsakanin Filinge da Abala da Sanam da Kourfeye Centre, sannan a 2011 Abala ta zama gunduma mai zaman kanta. Sakamakon haka, sunan da yake na ƙasa guda ya maƙale a takarda ga yanki ɗaya, da jelar Faransanci a bayansa. Ɗalibin da zai karanta rahoton 1930 ya ga Kourfey, ya ɗauka kwamin ta yau ake nufi, ya rage ƙasar ƙwarai.

Abin da muke ba da shawara ga sashenmu ba babban shiri ba ne mai jiran kuɗin waje. Kowane suna a ba shi takarda guda. A sama a jera duk rubutunsa da aka samu, kowane da shekara da inda aka gan shi: rahoton rangadi da tarihin gunduma a gidan adana takardun ƙasa na Yamai, taswirar IGN, kundayen ƙidaya na 1977 da 1988 da 2001 da 2012. A ƙasa a sa furucin mutanen garin, an ɗauka a na'ura, an rubuta da tsawon wasali da karin sauti. Sai yadda maƙwabta masu wani harshe suke kiran wurin. Sai sunan mazaunin wurin, namiji da mace da jam'i, domin ɗafa-goshin ba- da ɗafa-ƙeyar -awa sukan tono tsohuwar siffar da sunan kansa ya ɓoye, kamar yadda y ɗin Kurfayawa take tabbatar da cewa da tagwan wasali sunan ya ƙare. Gurbin ma'ana shi ne na ƙarshe, kuma ba laifi ba ne a bar shi fayau. Ɗalibi ɗaya yana iya gama ƙauye ashirin ko talatin a kundinsa, na bayansa ya ɗora.

Takardun Yamai za su jira mu. Ɓangaren furuci ne ba zai jira ba. Tun 2017 aka sa gundumar Abala cikin dokar ta-ɓaci, kuma rashin tsaro ya tashi mutanen ƙauyuka da dama na arewacin jahar Tilaberi daga mazauninsu. Sunan gari yana iya rayuwa a RENALOC bayan garin ya watse, amma sunan rijiya da na fadama da na tudun da ke bayan gari ba su taɓa shiga wani kundi ba, suna bakin waɗanda suka yi noma da kiwo a wurin ne kawai. Da yawa daga cikin dattawan nan yanzu suna zaune a Abala da Filinge da Balayara da Yamai, inda ɗalibi zai iya isa gare su da na'urar ɗaukar magana ba tare da ya bi hanyar daji ba.